Yadda Ake Neman Likitan Abinci, Mataki-Mataki

Tun da na ba da labarin faman da muka sha da abincin mahaifiyarmu bayan an gano tana da ciwon suga, tambaya guda ke ta dawo mini: a ina ake samun likitan abinci, kuma yaya ake ganinsa? Wani mahaifinsa ke da hawan jini. Wata mijinta aka ce ƙodarsa ta fara taɓuwa. Wata kuma ƙiba ce ta hana ta sakat bayan haihuwa ta uku. Dukkansu magana ɗaya likita ya faɗa musu yana rufe fayil: "A kula da abinci." Suna komawa gida suka faɗa hannun masu shawara. Maƙwabciya ta ce alkama kaɗai za a riƙa ci, suruki ya ce a maye suga da zuma, wani ya turo bidiyo a WhatsApp na mai farar riga yana tallan garin magani.

Mu ma wata huɗu muka yi a haka. Hajiya ta bar tuwo, ta bar shinkafa, kullum alkama da wake. Ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa, suga kuwa bai sauka yadda ake so ba. Ranar da muka samu zama gaban ƙwararriya, abin da ta fara tambaya shi ne: "Hajiya, jiya tun daga asuba me da me kika sa a bakinki?" Da wannan tambaya nake auna duk mai ikirarin sanin abinci har yau. Wanda bai tambayi abin da ke cikin tukunyarka ba, bai kuma duba takardar gwajinka ba, bai isa ya tsara maka abinci ba. Ga matakan a jere.

1. Fara da likita, ka san sunan ciwon

Likitan abinci ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani. A kan abin da likita ya gano yake ɗora aikinsa, don haka in ka je masa hannu rabbana, shawarar da za a ba kowa ita zai ba ka.

Ka nemi likitanka ya faɗa maka sunan ciwon, ya kuma rubuta gwajin da ya dace. Mai suga yana buƙatar gwajin safe, wanda ake yi bayan awa 8 ba a ci komai ba, da kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini wata biyu zuwa uku da suka wuce. Gwajin safe in ya kai 7.0, ko HbA1c ya kai kashi 6.5 cikin ɗari, an shiga iyakar ciwon suga. Mai hawan jini ya tara awon da aka yi masa a ranaku daban-daban, ba na rana ɗaya ba. Gwajin ƙoda, wanda ake rubutawa E/U/Cr a takardar ɗakin gwaji, ya kamata duk mai suga ko hawan jini ya yi shi, domin shi ke canza tsarin abinci gaba ɗaya. Akwai kuma gwajin kitsen jini, da na yawan jini ga mai juna biyu.

Duk sakamakon da aka ba ka, ɗauki hotonsa da waya kafin ya shiga fayil.

Hattara: ma'aunin suga iri biyu ne. Na'urar gida za ta iya nuna 126, ɗakin gwaji ya rubuta 7.0, alhali abu ɗaya ne. Babbar lambar ake rabawa da 18 a samu ƙaramar. Na ga wanda hankalinsa ya tashi ya ce sugansa ya tashi daga 8 zuwa 140 a kwana ɗaya.

Hattara kuma: kumburin fuska da ƙafa, raguwar fitsari, ramar da ba a san dalilinta ba, wahalar haɗiye abinci, ko ƙishirwa mai tsanani da amai, ba na jiran ranar ganin likitan abinci ba ne. A tafi asibiti a ranar.

2. Ka san wa kake nema

Mu duka "likitan abinci" muke ce musu, amma mutum uku ne mabambanta.

Na farko shi ne wanda ake kira dayatishan a asibiti. Ya karanci fannin abinci a jami'a, sannan ya yi shekara guda ta horon aiki a asibiti, yana zagayen ɗakunan marasa lafiya, yana tsara abincin mai wankin ƙoda, da wanda aka yi wa tiyata, da wanda ake ciyarwa ta robar hanci. Za ka ga RD ko RDN a bayan sunansa. Duk wanda ke da ciwon da ake shan magani a kansa, wannan yake nema.

Na biyu masanin abinci mai gina jiki ne, wanda aikinsa ya fi yawa a cikin al'umma: asibitocin sha-ka-tafi, wurin awo, shirye-shiryen yaƙi da tamowa, makarantu. Shi ne gwani a kan shayarwa, da kunun yaye, da yadda za a haɗa abinci mai kyau da ɗan abin da ke hannu. In lafiyarka ƙalau, gyaran cimar gida kawai kake so, ya wadatar da kai.

Na uku shi ne mai sayar da kaya: shayin rage teɓa, garin ƙiba, ƙwayoyin "wanke jini". Wani ya yi kwas na 'yan makonni a intanet, wani ko wannan bai yi ba. A waya shi ya fi kowa yawa, shi ya fi kowa iya magana.

3. Inda ake samunsu

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce wa likitanka kai tsaye: "Likita, don Allah a rubuta mini takardar ganin likitan abinci." Likitoci da yawa ba sa turawa sai an tambaya, saboda layin da ke bayanka.

Asibitocin koyarwa su ne matattarar waɗannan ƙwararru: na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Maiduguri, na Jos, na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Abin da za ka gani a allon ƙofa shi ne Nutrition and Dietetics, ko Dietetics kawai. Wasu manyan asibitocin jiha ma suna da sashen. In ba ka da fayil a asibitin, sai ka bi ta sashen marasa lafiya na waje, wato GOPD, ka yanki kati, likita ya gan ka, sannan ya tura ka.

Wata dabara da ta rage mana wahala: tambayi nas ɗin da ke kula da kilinik ɗin masu suga ko masu ciwon ƙoda. Su suka san ranar da likitan abinci ke zama, da ƙarfe nawa yake farawa. A wurare da dama yakan yi wa masu jira bayani da safe kafin likitoci su fara kira. Bayanin yana da amfani, amma na kowa da kowa ne. Ka tsaya bayan an tashi, ka nemi ranar da zai zauna da kai kai kaɗai.

Wasu asibitocin kuɗi suna da ƙwararren da ke zuwa a wasu ranaku. Ƙungiyoyin masu sana'ar, irin su Dietitians Association of Nigeria da Nutrition Society of Nigeria, suna da rassa a jihohi da dama, kuma ma'aikatan sashen a asibitin koyarwa za su iya nuna maka ɗan'uwansu da ya fi kusa da garinku. A Ghana hukumar Allied Health Professions Council ce ke ba su lasisi, ana kuma samunsu a manyan asibitoci irin su Komfo Anokye a Kumasi da asibitin koyarwa na Tamale. A Nijar daga CSI, wato asibitin sha-ka-tafi, ake farawa, su tura mutum gaba.

In na yaro ne, hanyar daban ce. Uwa, idan yaronki ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ya rame, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja yana karyewa, kada ki tsaya neman takardar turawa. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna damtsensa da ɗan zaren nan mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa 12.5, ta fara kama shi. Za a sa shi a shirin da ake ba da madarar tamowa ta cikin 'yar leda. A Nijar CRENAS ake kiran wurin da ake karɓa a tafi gida, CRENI kuma inda ake kwantar da yaron da jikinsa ya yi tsanani.

Hattara: madarar nan magani ce da aka ƙidaya daidai nauyin yaro guda. In aka raba ta da yayyensa, ko aka sayar da rabi, yaron ba zai tashi ba. Wanda ya ƙi cin ta sam, ko yake da zazzaɓi da gudawa, gado yake buƙata.

4. Tantance shi kafin ka miƙa kuɗi

Wanda ka samu a sashen asibitin koyarwa an riga an tantance maka shi. Wannan mataki na wanda ka samu a waje ne, ko a waya.

Tambaye shi cikin ladabi: a ina ya yi karatu, a wane asibiti ya yi shekarar horo, a ina yake aiki yanzu, ya saba da masu irin ciwonka? Ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsarsu na bakinsa. Wanda ya fara kame-kame, ko ya turo maka hotunan "kafin da bayan" a madadin amsa, ka riƙe kuɗinka.

Akwai alamun da in ka ga ɗaya ta isa. Ya ce ka ajiye maganin asibiti. Ya ce zai raba ka da suga ko hawan jini har abada cikin wata guda. Ya turo maka jadawalin abinci bai tambayi nauyinka, ko maganinka, ko gwajinka ba. Ya ce tsarin ba zai yi aiki ba sai da garin da shi kaɗai ke sayarwa. Ya yi alkawarin zubar da kilo 10 a mako biyu, alhali ragewar da jiki ke ɗauka lafiya ba ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Kafin mu gane hanya, wani ya zo har gida da wata 'yar na'ura da ake riƙewa a tafin hannu, kwamfuta ta fitar da jerin cututtuka shafi uku, kowace cuta da kwalbarta a jakarsa. Kuɗin da muka ba shi a ranar ya ninka abin da muka kashe daga baya a asibiti, har da gwaji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwana biyun da Hajiya ta yi ba barci, tana tunanin cututtukan da ba ta da su.

Hattara: lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ko ƙarin abinci ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta. Duba jikin kwalbar da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance ikirarin ba.

5. Lissafin kuɗi

Wuri biyar kuɗi ke tafiya: kati ko buɗe fayil, ganin ƙwararren, gwaje-gwaje, kuɗin mota, da canjin cefane. A asibitin gwamnati ganin ƙwararren ne ya fi sauƙi a cikinsu. Gwaji ke cin kuɗi, musamman HbA1c, wanda ya fi gwajin safe tsada nesa ba kusa ba. Asibitin kuɗi yakan ninka na gwamnati, abin da kake saya a can shi ne lokaci da rashin layi.

Tambayoyi uku za ka yi tun kafin ka zauna: nawa ne zaman farko, nawa ne na komawa, kuma takardar tsarin abincin tana cikin kuɗin ko daban ake biya? Ka biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, ka karɓi rasit.

In kana cikin inshorar lafiya, ta tarayya wato NHIA, ko ta jiha irin KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, ka fara daga asibitin da ka yi rajista su ba ka takardar turawa. Ka tsaya a teburin inshora ka tambayi abin da za su ɗauka da wanda zai fito daga aljihunka. Wanda ya tsallake ya tafi da kansa, shi zai biya duka.

Mai suga ya sa kuɗin tsinken gwaji na na'urar gida a lissafi. Na'urar sau ɗaya ake saye, tsinken kuwa kullum ƙarewa yake, don haka kafin ka sayi na'ura ka tabbatar ana samun tsinkenta a kemis ɗin unguwarku.

6. Rubuta abin da ake ci, kwana uku

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai an tambaye ka a ofis, abin da za ka tuna shi ne tuwon dare da shinkafar rana, sauran duk sun ɓace.

Samu ɗan littafi na makaranta. Zaɓi kwana uku, biyu na aiki, ɗaya Juma'a ko Asabar, ranar da girkin gida ke canzawa. Duk abin da ya shiga baki a rubuta shi nan take: lokaci, mene ne, nawa ne, yaya aka dafa.

"Nawa ne" ɗin nan shi ne wurin aiki. "Na ci tuwo" ba bayani ba ne. Malmala nawa, kuma girman malmalar kamar dunƙulen hannu ne ko ta fi? Koko ludayi nawa, suga cokali nawa, cokalin shayi ko na cin abinci? Ƙosai guda nawa? Shinkafa cokalin zubawa nawa? Mai nawa aka zuba a miya, dunƙulen magi nawa, an sa kanwa, kuma mutum nawa suka ci tukunyar? In bayanin ya yi wuya, ɗauki hoton kwanon da cokali a gefensa don a ga girma. Mu da ludayin Hajiya da kofinta na silba muka tafi asibiti a jaka, ƙwararriyar ta auna su da ruwa a gabanmu, ta ce daga yau su ne ma'auninta.

Abubuwan da ake mantawa su ne waɗanda ba mu ɗauke su abinci ba: shayin mai shayi da madarar gwangwani, zoɓo, kunun aya, lemon kwalba wurin biki, fura da aka dama da suga, dabino bayan sallah, rake, mangwaro in lokacinsa ya yi, tsire da yajinsa a hanyar dawowa, gyaɗa, goro, ɗanɗanon miya ga mai girki. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da suga wajen giram 10 a kowane mililita 100, wato ƙaramar kwalba ɗaya ta haura cokalin shayi 8.

A littafin Hajiya ne muka ga abin da ya ɓoye mana wata huɗu. Ta bar suga da gaske, amma kullum safe da dare zuma cokali biyu a ruwan ɗumi, malmalar alkamarta kuma ta ninka ta tuwon da take ci a da, tunda an ce ita ba ta da illa. An gudu gara an faɗa gidan zago. Zuma tana ɗaga suga, alkama ma haka, acha ma haka in aka cika kwano.

Hattara: kada ka gyara cin abincinka a kwanakin nan uku don littafin ya yi kyau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganin gargajiya, jiƙo, tsimi, habbatus sauda, garin zogale, duk a rubuta su.

7. Ranar zuwa

Ka ɗauki takardar turawa, kati, sakamakon gwaji, littafin nan, da magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Ka sa tufafi marasa nauyi, domin za a auna nauyi da tsawo da faɗin ƙugu. Ka je da wuri.

Abu mafi muhimmanci da za ka tafi da shi mutum ne: mai girki. Magidanci ya je shi kaɗai, ya ji bayani, ya dawo ya ce "an ce a rage gishiri," an yi asarar zaman. Uwargida ce ta san abin da ke shiga tukunya, ita za ta iya cewa wannan zai yiwu, wancan ba zai yiwu ba. In gidan mata biyu ne ko uku, duk mai karɓar girki ta ji da kunnenta, ko a raba zuwan tsakaninsu. In tsoho ne ko tsohuwa, a haɗa da wanda ke ba da kuɗin cefane.

Mace in ta fi sakewa da mace, ta faɗa, mata suna da yawa a wannan fanni. Wanda ba ya jin Turanci ya nemi a yi masa da Hausa, kada kunya ta sa ya yi ta gyaɗa kai.

Hattara: mai shan maganin suga kada ya fito da yunwa don zai je asibiti, sai in an ce za a yi gwajin safe. In haka ne, ya riƙe abincinsa da maganinsa a jaka, ya ci da zarar an ɗebi jinin.

8. A cikin ofis

Zaman farko yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. Za a yi awo, a duba gwaji, a bi littafinka layi-layi, a tambayi aikinka, da barcinka, da ƙarfin aljihunka. Faɗi gaskiyar aljihun. Tsarin da aka gina a kan kifi da kaza kullum, a gidan da nama sai Juma'a, a takarda zai ƙare. Wake, awara, ƙwai, gyaɗa, nono, daddawa, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, yakuwa, duk kayan aiki ne a hannun wanda ya san aikinsa.

Hajiya ta zauna a takure, ta ce: "'Yar nan, ni dai ki faɗa mini gaskiya, na rabu da tuwo ke nan har in mutu?"

Ta ce: "A'a Hajiya, tuwonki yana nan. Malmalar za mu rage, mu ƙara miki miyar ganye, mu raba miki cin sau uku a kan lokaci. Wa ke yi miki girki?"

Daga nan ta juya kan ƙanwata, suka shiga lissafin mara da ludayi.

Kada ka tashi sai ka samu amsar waɗannan: nawa zan ci da ma'aunin gidanmu? Ƙarfe nawa, kuma yaya zan haɗa shi da lokacin magani? In babu wannan, me zai maye shi? Me zan yi ranar biki, ko a tafiya? Wace alama zan gani in dawo kafin ranar da aka ba ni? A rubuta maka a takarda da sunayen abincin da ka sani. In an miƙo maka bugaggen jadawali mai kayan da ba a sayarwa a kasuwarku, ka ce a musanya maka su tun kana zaune.

Hattara, masu ciwon ƙoda: shawarar "a yawaita ganye da kayan marmari" ba taku ba ce kai tsaye. In ƙoda ta yi rauni, sinadarin fotasiyam yakan taru a jini har ya taɓa bugun zuciya, kuma yana da yawa a ayaba, dabino, tumatir, dankali da lemon zaƙi. Gishirin da ake tallatawa na masu hawan jini ma da shi ake yin sa. Ba kowane mai ciwon ƙoda ake hanawa ba, gwaji ke yanke hukunci. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, don haka kada ka ari takardar wani, ko da sunan ciwonku ɗaya.

Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ya faɗa tun farko, domin ƙara ganye ko rage shi farat ɗaya yana canza aikin maganin. Mai juna biyu da ke shan ƙwayar ƙarin jini ta raba ta da lokacin shayi, shayi yana rage shigarta jiki.

9. Kai tsarin gida

Ka fara da canji biyu ko uku, waɗanda aka ce sun fi muhimmanci. Wanda ya juye komai a rana ɗaya, mako biyu ya gaji.

Mai tsarin abinci yana buƙatar kwanonsa shi kaɗai. A tire ɗaya da mutum biyar ba wanda ya san abin da ya ci. Wannan yana yi wa tsofaffi ciwo, suna ganin an ware su, don haka a zauna tare a tabarma ɗaya, kwano ne kawai daban.

Gishiri kuwa gara a rage wa gidan gaba ɗaya da a dafa tukunya biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wajen cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke cikin magi, da kanwa, da burodi, da yajin tsire, da taliyar leda. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana ƙara daddawa, citta, tafarnuwa da albasa, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Masu zuwa dubiya za su zo da nasu tsarin. Amsa ɗaya ta ishe su: "Mun gode, za mu tambayi likita."

Hattara: mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide, in ya rage abinci maganin yana nan yadda yake, suga zai iya faɗuwa. Alamunsa rawar jiki, gumi, jiri, yunwa mai tsanani, ruɗewa. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9, a ba shi suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi zuwa asibiti. Saboda haka ne dole likitan da ke rubuta magani ya ga takardar tsarin abincin, shi kaɗai ke da ikon rage maganin.

10. Komawa, da shirin azumi

Zama ɗaya ba ya gama aiki. Yawanci ana ba da makonni kaɗan a dawo, daga baya a riƙa tsawaitawa. Ka koma da sabon littafi na kwana uku, da awon suga ko na hawan jini da ka yi a gida, da jerin abin da ya gagara. Abin da ya gagara ɗin shi ya fi buƙatar ji. Wanda ya kasa bin tsari ya ji kunyar komawa, shi ne ya fi kowa buƙatar komawa. In garinku da nisa, tambaya ko za a iya yin wasu zaman ta waya, tunda an riga an gan ka ido da ido.

Mai neman rage ƙiba kada ya raina kaɗan. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, yana nunawa a suga da hawan jini. In kuwa an yi zama biyu ko uku ana miƙo maka takarda iri ɗaya ba a sauraron abin da ka zo da shi, nemi wani a sashen, haƙƙinka ne.

Sai azumi. Mai suga, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, su nemi zama na musamman mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, wato tun a Rajab, da likita da likitan abinci duka. Likita zai faɗi ko azumin zai yiwu, ya sauya lokacin magani. Likitan abinci zai tsara sahur da buɗa-baki: dabino guda nawa, kunu ludayi nawa, me za a ci kafin tarawi, me za a bari sai bayanta, ruwa nawa tsakanin magariba da asuba. Wanda aka yarje wa ya yi, ya jinkirta sahur, ya riƙa auna suga da rana. In ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko alamun faɗuwar suga suka bayyana, a karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira sallah, sannan a sanar da likita kafin a ɗauki na gobe.